Injunan Sharar da Aka Bar Mana a Setapak

Bahaushe ba ya iya zama a kan tayil, kuma daga nan komai ya samo asali. Duk gidan hayar da ka shiga a Setapak, unguwar da muka zauna a ƙasar waje, daɓensa tayil ne fari tas, an yi shi don mutanen da ke goge ƙasa da ruwa safe da yamma. Mu kuwa ko sati ba mu cika da sauka ba sai da muka je titin 'yan kasuwa da ake kira Jalan Tuanku Abdul Rahman muka kinkimo kafet, muka malale falo daga bango zuwa bango. A ƙasa muke cin abinci, a ƙasa muke salla, baƙo ma idan ya zo sai ya bar kujera ya miƙe ƙafa a ƙasa. Ba mu yi lissafi da damshin garin ba. Ruwa ake yi kusan kullum, iska ma jiƙa take yi, ƙwayar shinkafa ɗaya idan ta shige cikin kafet kafin kwana uku ta fara wari. Tsintsiyar da na ɗauro tun daga Kano na yi ta faman ja da ita har bayana ya ƙage, a banza. Dole kowane gidan Bahaushe ya nemi injin shara, irin mai zuƙe datti da ƙarfin lantarki, kuma na hannu ake saye, don ba wanda ya zo da niyyar daɗewa.

Maigidana malamin makaranta ne a gida, fannin lantarki yake koyarwa, gwamnati ce ta turo shi ya yi digiri na uku. Shekara uku aka ce. Ni da yara biyu muka biyo shi. Mahaifiyarsa, Hajiya, ita muka bari a Kano, kuma shi ne ɗan farinta. Saboda kunyar ɗan fari ba ta taɓa kama sunansa ba tun da ta haife shi, sai dai ta ce wannan yaron, ko ta ce shi wancan. Ranar da za mu taso wani ƙaninsa ya tsokane shi ya ce Dakta, sai Hajiya ta cafe kalmar. A karo na farko a rayuwarta ta samu abin da za ta kira ɗanta da shi da babbar murya ba ta ji nauyi ba. Duk Juma'a idan muka kira waya, abin da ake fara ji ke nan: «Dakta ne? Ya karatu?» Ta ce ba abin da take roƙon Allah kamar ta ga hotonsa cikin rigar nan ta masu kammalawa da hular nan mai tuntu, ta rataye a ɗakinta.

Akwai al'adar da muka tarar a can. Wanda ya gama karatu zai tura kayansa gida ta jirgin ruwa, littattafai, tukunyar dafa shinkafa, mayafai, kekunan yara, amma ba ya tura injin shara. Me za a yi da shi a gida, inda wutar ma sai an yi sa'a? Sai ya ɗauka ya kai wa wanda ya rage. Malam, haka nake kiran maigidana, ya taɓa gyara wa wani maƙwabcinmu nasa da ya daina ja, labari ya bazu, daga nan duk mai tafiya gidanmu yake nufa. Ya shigo da inji a hannu, a ci abinci, a yi addu'a, a bakin ƙofa ya ce: «Malam, ka riƙe wannan. Kai ma saura ƙiris.»

Da farko abin ya ba ni dariya. Inji na biyu na ce to, idan ɗaya ya lalace ga madadi. Na uku na ce a ba wa sababbin zuwa. Malam ya ce a'a, wannan ba irin sauran ba ne, in duba in gani. Ya kifa shi a tsakiyar falo ya nuna min wani ɗan ƙarfe da aka manna a ƙarƙashi, mai lambobi. Ya ce a nan ake karanta ƙasar da aka ƙera shi da zamanin da aka yi shi, kuma wanda ya goge wannan lamba yana da abin da yake ɓoyewa. Na ce Allah ya ba da ilimi mai amfani, na koma kicin.

Ban san lokacin da na fara koyo ba, tun da ba so nake ba. Mutum yana zaune da kai yana magana, dole wani abu ya maƙale. Na san masu ganga da ake ja a baya da tiyo, na san masu tsayuwa da ake turawa gaba. Na san idan jikin inji ƙarfe ne to ya manyanta, idan roba ce mai sheƙi to na bayan nan ne. Malam yana kunna inji ya rufe ido, ya ce wannan kabon ɗinsa, ɗan gawayin da ke kai wuta cikin inji, ya cinye, wancan bel ne, robar da ke juya burushi, ya saki. Kayan gyara kuwa yana bambanta na asali da wanda aka yi wa kwaskwarima tun kafin ya taɓa. Koyil, wato naɗin wayar cikin inji, idan an sake naɗa shi wayarsa ta fi haske, kuma yana ƙanshin sabon fenti idan ya ɗau zafi. Burushin da aka sake dasa wa gashi layinsa ba ya miƙewa daidai. Amma abin da ya fi nanata min shi ne kawunan noti. Ya ce, «Kafin ki yarda da abin da mai kaya ya faɗa, ki dubi kan notin. Idan an taɓa buɗe inji, sukudireba sai ta bar tabo. Idan tsatsa ta rufe ramin lif, to an daɗe ba a waiwaye shi ba.»

Sarkinsu duka wani kore ne mai tsayuwa, jikinsa ƙarfe, da jakar yadi a bayansa da ke kumbura idan an kunna. Wanda ya kawo mana shi ya ce shi ma wani ne ya bar masa, wancan ma a ɗakin ajiyar mai gidan haya ya tsince shi. Ba ya aiki. Malam ya karanta lambarsa ya ce injin nan ya girme shi. Bel ɗinsa ya narke, koyil ya ƙone, kuma babu kantin da ke da irinsu. A neman kayan koren nan ne ya gano wani shago a unguwar Cheras, na wani tsoho ɗan China da kowa ke kira Ankul, wanda ke tara matattun injuna yana ciro masu rai daga cikinsu.

Shekara ta uku ta wuce, ta huɗu ta shigo. Malam ya ce malamin da ke duba aikinsa ya yi ritaya, an haɗa shi da wani, sai an ɗan sake tsari. Na ce Allah ya sa haka ya fi alheri. Tallafin gwamnati ya tsaya da wa'adinsa ya cika, sai na fara dafa tuwo da miyar kuka da dambu ina ƙullawa ɗaliban da ba su da iyali, su zo su karɓa, abin da can ake kira tapau. Da haka muka riƙe gida. Injuna kuwa suna ta ƙaruwa. Waɗanda muka tarar sun tafi. Waɗanda muka zo tare sun tafi. Sai ga waɗanda Malam da kansa ya je filin jirgi ya tarbo, ya nuna musu inda ake hawa bas, su ma sun fara shigowa da inji a hannu. Kalmar nan ta bakin ƙofa ba ta canza ba, sai dai yanzu ƙasa suke kallo idan za su faɗe ta.

Na tsani injunan nan, ba zan ɓoye ba. Goma sha ɗaya suka zama, sun cinye ƙaramin ɗakin da ya kamata yara su kwana. Duk wanda na kalla ina ganin fuskar mai shi, ina tuna matarsa tana nuna min hoton bikin kammalawa a waya. Wata rana na fashe na ce masa, «Malam, kowa ya zo ƙasar nan ya tafi da takarda, mu an bar mu da bola.» Ya ci gaba da goge tayar koren da tsumma, ni kuma na yi ta bambami har miyata ta kama.

Kullum da safe yana wanka ya sa riga mai guga, ya rataya jakar baya ya ce ya tafi makaranta. Da yamma ya dawo a gajiye. Idan na tambaya ya ce ana kai. Ranar Juma'a Hajiya ta ce Dakta ya karatu, ya ce alhamdu lillahi Hajiya, saura kaɗan. Na yarda, don ban ga dalilin ƙin yarda ba, kuma mai tuƙa tuwon mutum ashirin ba ta da lokacin bincike.

Wata safiya a shekara ta biyar mai gidan haya ya aiko cewa za a zo duba bututun ruwan da ya bi ta ƙaramin ɗaki. Malam ya riga ya fita, yara suna makaranta, sai na shiga jan injuna ina fitarwa falo ina ƙunƙuni. A can ƙurya, bayan wani mai ganga ja, na ga jakar fatarsa. Hajiya ce ta sa aka ɗinka masa ita a Kano, kuma a cikinta yake zuba babin da ya rubuta idan zai kai wa malaminsa. Fumfuna ta rufe ta fari fat. A garin nan takalmi ma idan ya yi wata biyu ba a sa ba haka yake yi, don haka ban tsorata nan take ba. Sai idona ya kai kan zif ɗin. Tsatsa ta cike haƙoransa lif, babu ko tabo ɗaya. Na ja da ƙarfi ya ƙi, sai da na ɗiga man gyaɗa. Takardun ciki sun manne da juna, jan biron tsohon malaminsa ya yi naso ya bi shafukan. Babu rubutun sabon malami ko layi ɗaya.

Na zauna a kafet ɗin nan. Shi ya koya min, da bakinsa. Wannan jaka ta fi shekara ba a buɗe ta ba.

A jikin wata leda da yake kawo kayan gyara a ciki akwai adireshin shagon Cheras. Na zura hijabi, na kira mota ta waya, ban ma jira mai bututun ba. Shagon yana cikin wani layi tsakanin mai gyaran babur da wani mamak, irin gidan shayin nan na Indiyawa Musulmi. Tiyo na rataye daga rufi kamar kilishi a rumfa. Daga bakin ƙofa na hango Malam. Ya cire rigar gugar ya rataye a ƙusa, yana cikin singileti, hannunsa baƙi ƙirin. Wata mata ta kawo inji, Ankul ya kunna, ya juya ya kalli Malam. Malam ya rufe ido ya saurara, ya faɗi abin da ke damun injin. Tsohon ya buga tebur yana dariya ya ce wa matar, «Boleh, boleh,» wato zai gyaru. Malam ma ya yi dariya, irin wadda har haƙoransa na gefe ke fitowa. Rabon da in ga wannan dariya a gidana an fi shekara biyu. Wannan ya fi jakar yi min ciwo.

Da ya gan ni bai firgita ba. Ya wanke hannu da sabulu a hankali, ya mai da rigarsa, muka shiga mamak ɗin muka zauna a ƙurya. Na ajiye jakar fatar a kan tebur.

Na ce, «Malam, tun yaushe?»

Ya ce, «Tun azumin waccan shekarar.»

«Me ya faru?»

Ya ce sabon malamin ya duba aikin ya ce hanyar da aka bi tun farko ba ta ɓullewa, sai an koma tushe. Ya koma, ya yi wata takwas, sakamakon ya ƙi fitowa. Ya nemi ƙarin wa'adi aka ba shi, ya ƙare. Ya ce, «Maman yara, wata rana na hau bas zan tafi lab, ɗakin gwaje-gwajenmu, muka iso ƙofar makaranta na kasa sauka. Ƙafata ta ƙi. Na zauna har ƙarshen layi. Washegari ma haka. Ran na uku na wuce nan.» Ya juya kofin shayinsa ya ce, «A nan idan na taɓa abu yana tashi.»

Na yi niyyar in yi masa tas a gaban mutane, na tanadi maganganu tun daga cikin mota. Abin da ya fito daga bakina kawai shi ne, «To Hajiya fa?» Ya sunkuyar da kai. Ya ce wata biyu da suka wuce makaranta ta aiko masa cewa an rufe rajistarsa, kuma bizarmu ba za a sabunta ba. Wasiƙar tana aljihun jakar bayansa, tare da sukudirebobi.

Wata guda muka samu na haɗa kaya. Na ce ni zan gaya wa Hajiya idan shi ba zai iya ba, ya ce in bari sai mun je, irin wannan magana ba ta waya ba ce. Injunan ya jera su a falo, ya goge kowanne, ya rubuta a takarda irin kayan da ke ciki, wane ne na asali wane ne gyararre, ya liƙa a jiki. Sababbin ɗalibai suka zo suka ɗauki shida. Ya raka kowa bakin ƙofa, kuma na lura bai ce wa ko ɗaya saura ƙiris ba, sai dai ya ce a riƙa zazzage jakar injin kafin ta cika. Huɗu ya kai wa Ankul. Koren kuwa, saura kwana tara mu tashi, tsohon ya samo masa bel daga wani mataccen inji irinsa, shi kuma ya riga ya sake naɗa koyil ɗin da hannunsa. Ya kunna shi a falo, jakar yadin ta kumbura, ya bi kafet ɗin nan layi layi har ƙarshe. Washegari muka nannaɗe kafet ɗin muka kai bola, don ba mai so. Koren ya shiga akwatin katako ya bi jirgin ruwa. Mu ne mutanen farko da na sani da suka tura injin shara gida.

A Kano mun tarar Hajiya ta sa an yanka rago. Gida ya cika, ana ta Dakta barka da zuwa. Na dube shi, ya dube ni, ranar ba ta yiwu ba. Washegari ma baƙi. Da ta tambayi hoton, ya ce bikin sai an tara ɗalibai da yawa, takardar kuma za a aiko. Ta ce Allah ya kawo ta lafiya. Na lura ta rame, idonta ɗaya ya fara yana, kuma tana kiransa Dakta sau goma a zama ɗaya, ko ruwa za ta ce a miƙo masa. Na buɗe baki sau biyu a makon nan na rufe.

Bayan wata uku kaya suka iso, aka sauke su a gidan Hajiya don can ne da fili. Da aka fasa akwatin katakon ta ga koren, ta shafa jakar yadin ta ce, «Dakta, wannan ne abin da ka je ka haɗa?» Ina tsaye a bayansa. Ya ce, «Na yi aiki a kansa, Hajiya.» Ta ce a kai mata ɗaki. Ta sa aka shimfiɗa masa darduma, ta lulluɓe shi da sabon zane. Duk baƙuwar da ta zo sai an yaye zanen an nuna mata, idan kuma da wuta sai ta ce, «'Yar nan, zo ki kunna musu.» Ni ce mai kunnawa. Ina turawa a kan dardumar, mata suna salati, ina jin kamar in nutse.

Makarantar da yake koyarwa ta karɓe shi a matsayin da ya bari, waɗanda ya koyar a da wasu yanzu su ne shugabanninsa. Yana zuwa yana dawowa, ba ya ƙorafi, ba ya kuma dariyar nan. Fankar ɗakinmu ta lalace ya ce in kira mai gyara. A karo na bakwai ko na takwas da na kunna wa baƙi koren, na ji wani ƙas, burushin ya tsaya, warin roba ya tashi. Na san bel ne tun kafin in kashe. Hajiya ta ce ba komai, ai mai shi yana nan, Dakta zai duba. Na gaya masa a daren, ya ce to.

Yau shekara uku ke nan. Duk Juma'a muna zuwa gaishe ta, ta tambayi takarda ya ce tana hanya, ta tambayi inji ya ce zai duba. Idan sun fita tsakar gida cin abinci nakan koma ɗakinta kamar na manta mayafi, in yaye zanen, in kwantar da koren in dubi kawunan notin. Makon jiya ma na duba. Tsatsa ta rufe ramin lif.